Na Ƙirga Tagogin Bas

A shekarun da aka fara shari'a a jiharmu, ina koyarwa a wata firamare a Kende, iyalina kuma suna Bagudo. Kullum da safe in hau babur in tafi, in dawo bayan azahar. A lokacin ne gidan kallon da ke bayan kasuwa ya daina sa finafinan rawa da waƙa, daga baya ma mai wurin ya mayar da shi shagon niƙa. Ni ma sai na tattara kaset-kaset ɗin Indiya na gidana na zuba a kwali, na tura ƙarƙashin gado. Ba wanda ya tilasta mini. Na ga dai bai dace a ji irin wannan kiɗa yana tashi daga gidan malamin makaranta ba. Abin da ya rage wa yara shi ne katun.

Yarana uku ne a lokacin: babbar ɗiyata tana aji huɗu, sai maza biyu a bayanta. Ranar Juma'a da Lahadi bayan la'asar nakan tayar da ƙaramin janareto, a shimfiɗa tabarma, yaran maƙwabta su shigo su cika ɗakin. Katun ɗin da Turanci suke, ni ke fassarawa. Gaskiya ba duka nake kamawa ba, don dabbobin nan magana suke da hanci kuma da sauri, amma inda na rasa sai in cike da nawa. Ba wanda ya taɓa ganewa. Ɗiyata takan zauna daf da gwiwata, ta kalli talabijin, ta juyo ta kalli bakina. Ban san ina ji da wannan kallon ba sai da ya koma kan wani.

Wanin nan ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun yana aji biyar ya gudu daga makaranta ya koma tasha. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, har ya rasu yana yi masa misali da ni. Ya yi shekaru yana cikin masu tuƙo motocin gwanjo daga Kwatano, daga baya ya samu bas yana jigila tsakanin Bagudo da Tsamiya, wani lokaci ya haye iyaka. Bai yi aure ba tukuna, yana kwana a shagon da ke jikin zaurena, yana cin abinci tare da mu.

Wata Juma'a ya shigo da kaset a leda, ya ce a kasuwar can ƙetare ya saya wa yara. Na sa, na gyara zama zan fara aikina. Wani ɓera mai gashin baki ya fito yana tuƙa bas cike da dabbobi za su kasuwa, ya buɗe baki, sai na ji Faransanci. Ɗiyata ta juyo tana jira. Na yi gyaran murya, na ce bari dai a ɗan ci gaba. Daga bakin ƙofa, inda yake tsugune da kwanon fura, ƙanena ya ce, “Cewa ya yi kowa shi matsa, akwai sauran mutum guda.”

Yara suka fashe da dariya. Faransancinsa na tasha ne, na ciniki da rigima da jandarmomi, amma ya ishe shi. Yana kwaikwayon muryar ɓeran, yana kwaikwayon ta akuyar da ta ƙi matsawa. Kafin a kai tsakiyar kaset duk yaran sun jirga sun koma wajen ƙofa.

Da abin ya tsaya a nan da na haƙura, don harshe ne, ban kuwa taɓa cewa na iya shi ba. Amma can sai ya ajiye kwanon ya ce, “Yaya, tsai da shi nan. Tsai da shi!”

Na danna. Hoton ya tsaya yana rawa, layuka biyu suna gilmawa ta tsakiya. Ya rarrafo har gaban talabijin ya ɗora yatsa a kan gilashin.

“Wallahi na san wagga mota. Ta Faransa ce, tsohuwa. Mai hancin alade direbobi ke ce mata. Ku duba jikinta, layi-layi awa kwanon rufi. Ku duba gilashin gaba, rabe shike biyu. Ga ƙofar direba nan, baya take buɗewa, ba gaba ba. Injinta na nan ƙarƙashin wanga ɗan hanci. Wanda ya zana ta ya san ta, ko safaya taya bai mance inda ake aje ta ba.”

Na ce, cikin muryar da nake yi wa 'yan aji, “Kai, wannan zane ne. Mai zane daga kansa yake fitar da abu. Ai ka ga ɓera ne ke tuƙi.”

“Ɓeran dai daga kainai ya fito,” in ji shi, “amma motar ba daga kainai ta fito ba. Akwai gawar irinta can ƙetare, bayan tasha, wani mai shayi ya maishe ta rumfa. Duk sadda na haye sai na wuce ta.”

Ɗiyata ta ce, “Baffa, da gaske? Ana shiga cikinta?”

“Har shayi na sha ciki.”

Daga ranar kallon katun a gidana ya sauya. Ba a ƙara damuwa da wa ya kori wa, ko wa ya faɗa rami ba. Jira ake mota ta fito a ce in tsayar. Aikina ya koma danna maɓalli. Har tsofaffin kaset ɗinmu na Turanci, waɗanda na fassara musu sau goma, aka sake fito da su don Baffa ya duba motocin ciki. Wata doguwar bas ruwan ɗorawa mai ɗaukar 'yan makaranta, ya ce kan babbar mota ne aka ɗora masa jikin bas, a duba tsawon bonet da taya bibbiyu a baya. Wata ƙarama fara, ya ce a lura ƙofar fasinja tana hagu, sitiyari yana dama, don haka daga ƙasar da ake tuƙi ta hagu take, irin waɗanda in an sauke su a Kwatano sai kanikawa sun juya musu sitiyari. Wata kuma ya kalle ta ya kalle ta, ya ce, “Wagga kam ƙarya ce. Ba inda za a sa tankin mai. Ko ƙofar gari ba ta kaiwa.” Yara suka yi ta ihu, kamar ya kama ɓarawo.

Ɗiyata ta samu tsohon littafin rubutu ta fara zana su. Kowace bas shafi guda, a ƙasa ta rubuta sunan da Baffa ya kira ta da ƙasar da ta fito. Hannunta yana da kyau, ni na koya mata riƙon fensir. Amma in ta gama zane ba ni take kawo wa ba. Sai ta zauna a zaure tana jiran ƙarar motarsa. Ina daga ciki ina duba littattafan 'yan aji, ina jin su.

“Madubin ya yi ƙasa da yawa, ɗiyata. Direba ba ya ganin baya haka. Ɗaga shi.”

“Haka, Baffa?”

“Yauwa. Ke kam da namiji ce da na ba ki sitiyari.”

Na tuna wata rana jan biro na hannuna, na ba wani yaro maki biyu cikin goma a aikin da ya cancanci bakwai. Sai da safe na gani na gyara.

Uwar yaran ta lura. 'Yar masunta ce daga Bahindi, ba ta iya ɓoye magana ba. Tana gyaran kifi a tsakar gida ta ce da ni, ba tare da ta ɗago ba, “Malam, mi ƙanenka ya yi maka? Kwana biyu in ya yi sallama da hanci kake amsawa.”

Na ce ba komai, sai dai ba na son ana cusa wa yara abin da ba shi da tushe. Na ce yarinya ta bar karatunta ta koma zanen motoci.

“Ta ɗaya ta zo a jarrabawar da ta wuce,” in ji ta.

Na tattara littattafaina na shiga ɗaki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na kasa kama shi da kuskure. Ba ni da littafin motoci, ba ni da wanda zan tambaya ba tare da magana ta koma tasha ba. Na taɓa gwada jan hankalin yaran wani wajen. Wata Lahadi da aka tsayar da hoto a kan bas ɗin ɓera, na nuna musu tutar da ke bayan tasha a zanen, na fara bayanin ƙasashen Turai da manyan biranensu. Suka saurara cikin ladabi, irin sauraron da ake yi mini a aji. Ina rufe baki ƙaramin ɗana ya ce, “Baffa, ita mai hancin alade giya nawa gare ta?”

A makon nan na yanke shawarar zuwa in ga motar da idona. Ranar Asabar, ɗiyata ta tafi islamiyya, na buɗe jakarta na yage shafin da ta zana mai hancin alade, a hankali ta wajen ɗinki yadda ba za a gane da wuri ba. Na san zanen daidai yake da na kaset, don sau uku ta sa ni tsayar da hoton tana kwafa. Na gaya wa uwar yara zan je gaisuwar rashin lafiya wajen wani abokin aiki. Ban bi ta tasharmu ba. Na hau babur har bayan gada, na ajiye shi wurin wani mai faci, na tare motar da ba ta garinmu ba. Mata suna kujerun baya, mu maza a gaba, an cusa mu da buhunan albasa. Duk motar da ta taho daga gaba sai in sunkuyar da kai, kada ta zama ta ƙanena.

Daga Tsamiya na hau ɗan acaɓa muka haye. Ban sha wahalar nema ba. Tana nan bayan tasha, ƙarƙashin wani maɗaci, ba taya ko ɗaya, an ɗora ta a kan duwatsu. Fentin ya koɗe ya koma kalar toka. Ina hango ta na gane ta. Ita ce. Jikin kwanon rufi, ɗan hancin nan, gilashin gaba a rabe biyu, ɗaya ɓarin an toshe shi da kwali. Na matsa na taɓa ƙofar direba, ta buɗe ta baya kamar yadda ya faɗa. Mai shayin, wani Badende, ɗan ƙabilar yankin, ya yi mini maraba da Hausa mai karyewa, ya nuna mini benci a ciki. Na zauna na sha shayin da ban san ɗanɗanonsa ba.

Da na fito na ware takardar, na tsaya daga gefe ina gwadawa. Fitila daidai, bamba daidai, wurin safaya taya daidai. Sai na zo kan tagogin gefe. A zanen ɗiyata huɗu ne. Na ɗaga kai na ƙirga na motar: ɗaya, biyu, uku. Na sake ƙirgawa. Na zagaya ɗaya gefen. Uku.

Ina jin kunyar faɗar irin daɗin da na ji. Na sayi lemu da burodin can mai tsawo na taho da su. A mota har hira na yi da mutane.

Na riƙe maganar sai washegari Lahadi, lokacin da ɗaki ya cika. Ni da kaina na zaɓi kaset ɗin ɓera, bas na fitowa na tsayar ba tare da an roƙe ni ba. Na ce wa yara su ƙirga tagogi. Suka haɗa baki suka ce huɗu.

Na ce, “To, jiya wata hidima ta kai ni ƙetare, na ga motar mai shayin nan. Taga uku gare ta. Kun ga abin da nake gaya muku ke nan. Kama da juna daban, zama abu ɗaya daban. Ilimi ba a yin shi da ka, sai an bincika.”

Janareto yana ta ƙara daga waje. Duk suka juya wajen ƙofa. Ƙanena ya dubi talabijin, ya dube ni. Ya ɗan jima yana dubana. Sannan ya shafa ƙeya ya yi murmushi.

“Yaya ya fi ni gaskiya. Uku ne. Kun gani, shi ya sa anka ce ku yi karatu, kada ku zama irina.”

Na saki kaset ya ci gaba. Ba wanda ya ƙara cewa a tsayar. Shi ma bai fassara ba, ya ce zai je ya duba birki, ya fita. Muka zauna muna kallon ɓera yana magana da harshen da ba mai ji a cikinmu. Yaran maƙwabta suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗiyata ta dawo kusa da gwiwata, inda take zama a da, amma ba ta juyo ko sau ɗaya ba. Da ta tashi, na ga littafin zanen a hannunta, a buɗe daidai inda aka yage shafi. Ba ta tambaye ni ba, ni ma ban ce komai ba.

Bayan kamar mako uku babur ɗina ya lalace, na kai shi garejin bakin tasha. Akwai wani tsohon direba da ke wuni a wurin, idonsa ɗaya ya mutu, ya yi tuƙi a ƙasashen Faransa tun muna yara. Har lokacin nasarar tawa ba ta daina yi mini ƙaiƙayi ba, ina son wani babba ya tabbatar mini. Na kawo zancen mai hancin alade kamar da wasa, na ce na ga wata a zane da taga huɗu, alhali ta gaske uku ce.

Tsohon ya ce, “Ai iri biyu ce, Malam. Akwai gajera, akwai mai dogon gindi. Doguwar ita ce ta fasinja, taga huɗu. Ni na tuƙa ta shekara da shekaru. Tambayi ƙanenka mana, ya sani sarai. Bara ma nan wurin munka yi gardamar ta, shi ya tuna mini da gajerar.”

Na bar babur ɗin a wurin na taka zuwa inda suke wanke motoci. Na same shi ya naɗe wando yana watsa wa tayoyi ruwa. Na tsaya har ya lura da ni.

Na ce, “Ashe iri biyu ce.”

Ya ajiye bokiti. “Wa ya gaya maka?”

“Me ya hana ka faɗa ran nan?”

“Haba Yaya. Gaban ɗiyanka?” Ya matse tsumma, ya yi 'yar dariya. “Kuma ka tahi har can. Mai shayin ya ba ni labari, ya ce wani malami ya zo da takarda shina zagaya motar awa mai son saye. Na ce wanda ya sha wagga tafiya ai a bar mishi.”

Na so in ce ya yafe mini. Abin da ya fito daga bakina shi ne ya riƙa rage gudu a hanyar Kaoje, ana kawo mini ƙararsa. Ya ce to. Na juya na tafi, ina jin ruwan bokiti yana sauka a jikin mota a bayana. A hanya na gane ban huce ba, sai ma ƙaruwa da abin ya yi. A da ina ƙyashin abin da ya sani ne kawai. Yanzu har da sauƙin da ya saki abin, a gaban yara, ba tare da fuskarsa ta sauya ba. Ni da zan yi haka sai na kwana uku ina shiri, kuma sai na tabbata kowa ya san na yi.

Ban gyara maganar a gaban yara ba. Kullum sai in ce Juma'a mai zuwa. Kafin damina ta ƙare bidiyon ya fara cin kaset, aka kai gyara bai dawo daidai ba. Shekara na zagayowa ƙanena ya yi aure ya tashi daga shagon zaure, daga baya ya koma tuƙin babbar mota yana kai shanu kudu, sai mu yi wata biyu ba mu gan shi ba.

Ɗiyata yanzu tana aure a Geza, tana aiki a ƙaramin asibitin da ke kusa da su. Bara na kai mata ziyara, ta kawo mini tuwon shinkafa da miyar kifi, 'ya'yanta suna kwance a tabarma suna kallon katun a waya. Ban san abin da ya taso mini ba, na ce mata akwai wata magana da na daɗe ina son in gyara, game da wata bas mai taga huɗu. Na fara ba ta labari tun daga yage shafin.

Ta bar ni na kai ƙarshe, tana ta murmushi. Sannan ta ce, “Baba, ai na sani. A satin da abin ya faru Baffa ya same ni ina kuka a zaure, ya gaya mini iri biyu ce, zanena daidai ne. Ya ce in kuskura in faɗa maka, ba ni ba shiga motarshi.”

Na ce, “Duk shekarun nan?”

“Har sabon zane na yi mishi. Ya daɗe cikin motarshi, bayan madubi, sai da rana ta cinye shi.”

Ta tashi ta ƙaro mini miya. Na ci, na yaba kifin, na tambaye ta ko daga Bahindi aka kawo. Da la'asar ta yi na yi salla a masallacin ƙofar gidansu, na hau babur. Ta biyo ni da ƙullin kuka da daddawa, ta ce in na ga Baffa in gaishe shi, in ce masa ya daɗe bai leƙo su ba. Na ce zan faɗa masa.